Gyaɗa 76, faci ɗaya, da ƙafafun aro

Asabar, bayan sallar isha'i.

Ina kwance a tabarma a tsakar gida, na ɗora ƙafafu a kan bokiti, da waya nake wannan rubutun don ko biro ba zan iya riƙewa ba. Sau biyu uwargida tana leƙowa, a na biyun ta ce, "Abban yara, ko a kira mai ɗori ne?" Na ce babu abin da ya karye. Ta ce ai shi ne abin mamakin.

Yau dai na yi abin da na shekara ina cika baki a kai. Rabin Ironman, wanda suke kira 70.3: iyo kilomita 1.9, keke kilomita 90, gudu kilomita 21.1, a jere ba hutu. Lambar 70.3 ɗin jimlar tafiyar ce idan aka lissafa da mil. Ba gasa ba ce ta gaske, ni kaɗai ne ɗan wasa, ƙanina ne alƙali kuma mai ruwa kuma ɗan kallo. Gwaji ne, in ga ko ya dace in ci gaba da tara kuɗin zuwa Rubavu a Ruwanda, inda aka fara irin wannan gasa a bakin tafkin Kivu a 2022. A irin wannan gasa awa takwas da rabi ake ba mutum ya gama duka, in ya wuce ko da minti ɗaya ne, sunansa bai gama ba.

Muna idar da asuba muka nufi otal ɗin da nake biyan kuɗin wata don in yi iyo. Maigadi ya san ni, amma bai taɓa ganina da sanyin safiya irin wannan ba. Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe fitilun titi, shi yana cikin rigar sanyi biyu da rawani, ni kuma ina tuɓe riga. Ya ce, "Yallaɓai, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau. Daga yadda ya kalle ni na san bai yarda ba.

Tsawon wurin iyon mita 25 ne, ke nan sai na tsallaka sau 76. Kullum ƙirga ce take ɓace mini a cikin ruwa, shi ya sa ƙanina ya kawo dabara: ya zuba gyaɗa 76 a cikin hularsa, duk tsallakawa ɗaya ya jefa ɗaya a baki. Ƙarfe 6:40 na faɗa ruwa. Sanyin ya doke ni a ƙirji har numfashi ya tsaya, tsallakawa huɗu na farko haki kawai nake yi kamar ɗan koyo. To ɗan koyon ne ma. Sai da na kai shekara 35 na koyi iyo, domin mu 'yan Tudun Wada an raine mu da tsoron kogin Kaduna. Inna cewa take garin da aka raɗa wa suna da kadduna ba a wasa da ruwansa. Bayan tsallakawa goma jiki ya ɗauki ɗumi, na samu numfashi duk bugun hannu uku, daga nan sai kallon layin da ke ƙasan ruwa. Minti 54 na yi. A gasa awa ɗaya da minti goma ne iyaka, don haka da saura. Amma ina zargin a wani wuri ya haɗa gyaɗa biyu a loma ɗaya. Ya rantse bai yi ba. Abin da ya fi damuna shi ne duk mita 25 ina samun bango in dafa, a Kivu kuwa ba bango, sai ƙafafun mutane suna shurin fuskarka.

Sauya kaya ya ci mini minti 11, saboda yatsuna sun ƙi ɗaura igiyar takalmi. Shi ma wannan lokacin cikin lissafi yake, agogo ba ya tsayawa.

Keken na hannu ne, ɗan gwanjo, siririyar taya, na saye shi shekara biyu da suka wuce, kuɗinsa ya kusa jawo mini shari'a a gida. Na bi ta Kawo na kama hanyar Zariya, ƙanina a baya kan babur da jarkar ruwa da ledar dabino. Waɗancan 'yan ƙunshin zaƙi da 'yan gasa suke tsotsa na duba farashinsu a intanet na rufe shafin. Dabino uku duk minti ashirin, ayaba ɗaya duk awa, da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara idan suna gudawa, su ne guzurina.

Abin da ban lissafa ba iska ce. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ni kuma arewa na nufa, ke nan ƙirji da ƙirji muke. Daga Rigachikun na gane yau akwai aiki. Ina taka feda da ƙarfi, agogo yana nuna kilomita 21 a awa. A Maraban Jos, inda tireloli suke jere gefen hanya, wata babbar mota ta taso a hankali ta shiga gabana, nan take iskar ta ɗauke, keken ya yi sauƙi kamar an tura ni. Wallahi raina ya so in lafe a bayanta har Jaji. Amma dokar gasar ita ce a bar tazarar mita 12 tsakaninka da na gabanka, duk wanda aka kama yana fakewa a bayan wani sai ya yi zaman tara. Ba mai ganina sai ƙanina, shi kuma da tsire ɗaya zan rufe masa baki. Na ja baya dai. Hayaƙin da take fesowa ma ya taimaka wa imanina.

Na wuce Jaji, agogo ya cika 45, na juya. Dawowa kuwa sai ka ce wani ne yake tuƙin, iska a baya, ina ganin 33, 35. Ina cikin wannan daɗin, kusa da Birnin Yero, tayar baya ta yi tsit ta kwanta. Ƙusa ce. Ga mai faci can tsallaken hanya yana ɗago mini hannu, ƙanina har ya fara kiransa, na hana. A gasa ba wanda zai gyara maka daga waje, kai da hannunka. Na zauna a ƙasa na cire taya, na sa sabon tub, na yi famfo. Mai facin ya tsallako ya tsaya a kaina, hannu a baya, yana kallo. Da na gama ya ce, "Alhaji, ka iya, amma ka daɗe." Minti 14. Gaskiyarsa.

Ƙarfe 11:23 na sauka daga keke a kusa da dandalin Murtala. Duk wanda bai taɓa gudu bayan awa uku da rabi a kan sirdi ba, ba zai gane ba. Ƙafafun suna nan, kana ganinsu, amma kamar aro aka ba ka. Kana ce musu gaba, su kuma har yanzu zagayen feda suke nema. Kilomita biyu na farko tafiyar agwagwa na yi. Sanyin safe ya tafi, rana ta tsaya a tsakiyar kai, leɓena ya tsage, gumi yana bushewa kafin ya gangaro, sai farin gishiri a jikin riga.

Na taɓa yin wannan nisan a gasar gudun Kaduna, wadda aka fara a 2020, shi ya sa na raina shi. Ashe da ƙafa sabuwa na yi wancan. A kilomita na 14, wajen Unguwar Rimi, jijiyar bayan cinyar dama ta ɗaure tamau kamar an ƙulla igiya. Na rungumi sandar fitila. Ruwan gishirin ya ƙare tun a keke, laifina ne da ban haɗa gora uku ba. Ƙanina ya ruga wurin wata mai awara ya roƙo gishiri a takarda, na lasa, na kora da ruwan leda biyu. Tana daga zaune ta ɗaga murya, "Bawan Allah, wa ya biyo ka?" Ƙanina ya ce ba kowa, motsa jiki yake. Ta ce, "Da tsakar rana? Allah ya ba shi lafiya." Na ce amin, don addu'ar ta zo daidai.

Sauran kilomita bakwai ɗin ba gudu ba ne. Sandar fitila uku in ruga, ɗaya in taka. A nan ne na tuna waɗanda suka fara gasar Ironman a Hawai ta ƙasar Amurka a 1978, mutum 15 suka tashi, 12 suka gama, kuma ninkin nawa suka yi: iyo 3.8, keke 180, gudu 42.2. Wanda ya ci, Gordon Haller, bai kai awa 12 ba. Ni rabin ya sa ina magana da sandunan fitila.

Ƙarfe 2:26 agogo ya nuna 21.1, a gaban wani shagon caji, ba tafi ba kowa. Awa 7 da minti 46. Saura minti 44 a cikin abin da ake bayarwa, amma Rubavu tuddai ne, kuma tafkin yana sama da mita 1,400 daga teku, wannan rarar ba za ta daɗe ba. Azahar a zaune na yi ta, ruku'u ya gagara.

Da la'asar Baba ya zo. Shi ya yi shekaru yana zuwa masaƙa a Kakuri kan Raleigh, ƙarshen wata kuma ya ɗaura buhu a kariya ya kai wa iyayensa Zariya. Ya zagaya kekena, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ce, "Wannan ba kariya, ba ƙararrawa, me aka sayar maka?" Na yi masa bayanin duka, iyo da iska da faci da gishiri. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Yanzu kai har ka wuce Jaji?" Na ce na wuce, Baba. Ya ce, "Kuma ka juyo, ba ka ƙarasa ka gaida gwaggonka ba?"