Masu bishara na Amurka da maganar 'yancin addini a Najeriya

Tunda Trump ya sake saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke cewa ana tauye 'yancin addini, a ƙarshen Oktoban 2025, duk inda ka leƙa a Facebook maganar kenan, wasu na murna wasu na zage-zage, alhali da yawanmu ba mu ma san asalin jerin ba. Doka ce tun 1998, Bill Clinton ya sa mata hannu, amma waɗanda suka dage har aka yi ta yawanci Kiristoci masu bishara ne, ɗan majalisa Frank Wolf na kan gaba, wasu Yahudawa da 'yan Katolika suka mara musu baya, lokacin yaƙin kudancin Sudan da halin da coci-coci ke ciki a China ne suka tada musu hankali. Mun taɓa shiga jerin a Disamban 2020, gwamnatin Biden ta cire mu a Nuwamban 2021.

Ni ɗan cocin ECWA ne, kuma gaskiya akwai abin da nake gode wa waɗannan masu bishara na Amurka. Leah Sharibu da aka sace a Dapchi a Fabrairun 2018, aka sako sauran 'yan matan bayan wata guda aka riƙe ta don ta ƙi barin addininta, ba don irin waɗannan mutanen sun ƙi daina kiran sunanta ba ai da tuni an rufe babinta. Haka Deborah Samuel da aka kashe a Sakkwato a Mayun 2022. Ciwon nan gaskiya ne, kada wani ya ce mana ƙage ne.

Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne rabin lissafi ake kaiwa Washington. Ina waɗanda bam ya kashe a babban masallacin Kano ranar Juma'a, Nuwamban 2014? Ina 'yan Shi'ar Zariya na Disamban 2015, da jami'in gwamnatin Kaduna da bakinsa ya ce an binne gawa 347 a rami ɗaya? Balle ƙauyukan Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka tasa. Sashe na 38 na tsarin mulkinmu kowa ya ce, bai ware Kirista ba, ita ma dokar 1998 ɗin haka take, da ita ake maganar Musulmin Uyghur na China da Rohingya na Myanmar. In maƙwabcina Musulmi ya ji ana kuka a Amurka amma ba a ambaci ƙaninsa da aka kashe ba, me zai ɗauka? Kuma fa mu ne za mu kwana unguwa ɗaya da shi, ba wani sanatan Amurka daga Texas ba.

Sun iya in sun so. Ƙungiyar lauyoyin Kirista ta ADF International tana goyon bayan ƙarar Yahaya Sharif-Aminu, mawaƙi ɗan Tijjaniyya da kotun shari'a a Kano ta yanke wa hukuncin kisa a 2020. Musulmi ne suke karewa, kuma wannan ya fi min taro goma.

Don haka roƙona ga fastocinmu da shugabannin CAN da ake gayyata can su ba da shaida, in za ku tafi da sunayen Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, don Allah ku haɗa da na Maru da Faskari a cikin takarda ɗaya.