Neman tsoffin sulallan azurfa a Jamus

Aiki ne ya kai ni Frankfurt, amma gidan tarihin kuɗi na babban bankin Jamus, wanda ake shiga kyauta, shi ya cinye mini lokaci. Kafin haɗewar ƙasar a 1871, masarautu da birane masu cin gashin kansu sama da 30 ne a yankin, kusan kowanne da kuɗinsa. A 1857 akasarinsu suka amince da nauyi ɗaya, wato a fitar da sulen da suke kira tala guda 30 daga rabin kilo na tsantsar azurfa, amma kowane sarki ya ci gaba da buga hoton kansa a jiki.

Washegari na shiga shagon wani dattijo mai sayar da tsoffin sulalla, mutum marar fara'a. Ya jera mini su a kan faranti mai shimfiɗar karan-miski, yana kama kowanne ta gefe. Na Frankfurt hoton mace ne a jikinsa, domin birnin ba shi da sarki, na Hanover kuma Sarki George na Biyar ne, makaho, wanda masarautar Purushiya ta haɗiye ƙasarsa a 1866 tare da Frankfurt ɗin. Da na tambaye shi dalilin da ba ya goge waɗanda suka yi baƙi, sai ya yi mini wani irin kallo, ya ce gogewa zubar da darajar sule take yi. Na Purushiya suna da araha saboda yawansu, na ƙananan masarautu irin Reuss kuwa, inda duk yarima sunansa Heinrich, farashinsu ya ninka sau da yawa. Na taya kamar yadda zan yi a kasuwar Kurmi, bai ko ce albarka ba, ya fara tattara farantinsa. A ganina wannan wulaƙanta mai saye ne, ko da yake na yaba da takardar shaidar da ya haɗa mini da na Frankfurt ɗin da na saya.

Abin mamaki, a akwatin araha na bakin ƙofa na tarar da sulen Sarauniya Maria Theresa na Ostiriya, wanda har yau ake bugawa da shekarar 1780. Irinsa ne fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi, har Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya iske ana canja shi wuri 2,500 a Kano a 1851.

A Dresden na ga sulallan masarautar Saxony masu hoton mahaƙan azurfa, a cikin fadar sarakunansu. Berlin kuwa ruwan sama da tsadar masauki suka sa na taƙaita.