Tes ɗin da na rubuta da hannuna

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a Kano. Bayan Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, sai aka kafa mana kwamiti mu gyara yadda majinyaci ke bi tun daga bakin ƙofa har ya karɓi magani.

Muka manna takardu a bango, muka zana komai: yankar kati, layi, ganin likita, karɓar magani. Nan muka ga da yawa ba sa dawowa karo na biyu. Muka ce mantuwa ce, a riƙa tura musu tes. Ni na rubuta saƙon, har da sunan sashenmu ɓaro-ɓaro a ƙasa, ina ganin na yi abin kai.

Ba a yi wata ba, wata mai jego da muke dubawa kan ciwon damuwa ta ja ni gefe, goyonta na barci. "Sista, don girman Allah ki goge lambar nan. Wayar maigidana ce, kuma a gaban uwar mijina ya karanta." Ashe a gida rigakafin jariri take cewa tana zuwa. Yanzu an ce aljanu ne, an kai ta ruƙiyya, an ƙwace maganin.

Kuskurenmu, waɗanda ke zaune a benci muka yi ta tambaya. Waɗanda suka daina zuwa, su da amsar ke hannunsu, ba mu taka ƙofar ko ɗaya ba. Kuma mutum ɗaya muka zana a bangon nan, alhali akwai mai ba da izinin fita, akwai mai biyan kuɗin adaidaita. Tun 1954 Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya gane wannan a Aro, kusa da Abeokuta: majinyaci ya sauka a ƙauye tare da ɗan uwansa, masu maganin gargajiya ma ya jawo su jiki.

Yanzu tes ɗin cewa kawai yake, "Ranar asibiti Talata." Wurin yankar kati kuma sai an tambaya: wayar wa ce, wa ya san kina zuwa? Masu kati na ƙorafin layi ya ƙara tsawo, kuma gaskiyarsu ce.

Mai jegon nan ba ta sake dawowa ba. Katinta na nan cikin durowata.