Waƙoƙin soyayyar Tamil da aka ce in tsallake

Har yanzu ina jin zafin shawarar da wani babba a harkar tarihi ya ba ni lokacin da nake haɗa takarda kan tsohuwar al'ummar Tamil ta kudancin Indiya. Cewa ya yi in riƙe waƙoƙin yaƙi da sarauta na adabin Sangam (tarin tsoffin waƙoƙin Tamil), waɗanda ake kira puram, in bar na soyayya, wato akam, wai babu tarihi a cikinsu.

Na bi maganarsa, na zauna da Purananuru, kundin waƙoƙin puram. Ta ba ni sarakunan Chera da Chola da Pandya, satar shanu, duwatsun da ake kafa wa jarumai, da Avvaiyar, mawaƙiyar da ke yi wa sarki Atiyaman magana ba tsoro. Amma talaka fa? Da ƙyar nake hango shi.

Sai da lokaci ya ƙure na buɗe Akananuru, kundin akam, cike da waƙoƙi 400 na masoya. Wallahi a nan mutanen suke! Ga umanar, fataken gishiri, suna tafe da amalanken shanu daga bakin teku, kamar ayarin da ke tasowa daga Bilma. Ga 'yarsu tana talla a unguwa, awon gishiri a kan awon shinkafa. Ko shahararren bayanin nan na jiragen Yawana (Girkawa da Rumawa) da ke zuwa tashar ruwa ta Muciri da zinariya su koma da masoro, shaidar cinikin Tamil da daular Rum, yana cikin waƙa ta 149 ne, inda wani ke gaya wa zuciyarsa ba zai bar matarsa ya tafi neman dukiya ba.

Waƙoƙin Sangam gaba ɗaya sun haura 2,300, kuma mafi yawansu akam ne. Ashe kaso mafi tsoka aka ce in watsar.

Duk mai son shiga wannan karatu, ya fara sanin yankuna biyar da mawaƙan suka raba ƙasa: duwatsu, daji, gonaki, gaɓar teku da busasshen fili. Kowanne da irin soyayyarsa, da abincinsa, da sana'arsa. Sannan ya tuna yawancin waƙoƙin yabo masu neman kyautar sarki ne suka rera su, dole a tace. Amma a waƙar akam ko sunan masoyan ba a faɗa, gishirin da shinkafar kuma ba don faranta wa wani sarki aka ambace su ba. Shi ya sa na fi yarda da su.