Daren da kunya ta yaga mana filafili

A unguwar Nima ta Akra aka haife ni, a gidan da yaro ba ya tada babba daga barci ko da tuwo na ƙonewa. Da wannan tarbiyya na bar Akra, na yi shekara biyu ina wankin jiragen ruwa a Las Palmas, a tsibiran Kanari, har wani kyaftin dattijo ya ɗauke ni aiki a jirginsa mai filafili, wato babban ƙyallen da iska ke turawa jirgi ya yi tafiya. Mu biyar ne. A ƙarshen Nuwamba muka tashi za mu tsallaka Tekun Atilantika zuwa tsibirin Sen Lusiya a yankin Karibiyan, tafiyar mil 2,700 na teku, lokacin da iskar arewa maso gabas ke daidaita tana tura jirgi ta baya.

Ɗaurin igiya da riƙon sitiyari ban sha wuyarsu ba. Amai ma kwana uku ya yi ya sake ni. Kusa da tsibiran Kef Bade na tashi da safe na tarar da jar ƙura a bisa jirgi, ƙurar hunturun da na sani a gida ta biyo mu tsakiyar ruwa, sai da na yi ƙwalla.

Gadi muke yi na awa uku-uku. Wani dare ina kan nawa, na ga taurarin gabas suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na san hadari ne. Na kuma san ƙa'ida: a rage filafili tun iska ba ta iso ba, kuma mutum ɗaya ba ya yin haka da dare. Amma kyaftin bai fi awa guda da kwanciya ba, ga shi sa'an mahaifina. Har na kai hannu ƙofarsa, na janye. Na ce bari in ƙara dubawa.

Ko minti goma ba a yi ba iska ta buge mu, jirgi ya kwanta gefe, filafilin gaba ya yage da ƙarar da har yau nake ji. Allah ya kiyaye, ba wanda ya faɗa ruwa.

Kyaftin bai yi mini faɗa ba. Tambayata ya yi yaushe na fara ganin hadarin, na gaya masa gaskiya. Ya ce ya fi son in tashe shi sau goma a banza da in bar shi sau ɗaya yana barci. Sannan ya miƙo mini allura da zare mai kakin zuma.

Kwana biyu muka yi muna ɗinkin nan, ni da shi, gwiwa da gwiwa. A dare na uku sau biyu na ƙwanƙwasa masa ƙofa, duka biyun hadarin ya wuce ta kudu, duka biyun kuma ya fito.