Man tazargade da abin da na gani a ɗakin gwaji

Awa uku na yi a tsaye gaban tukunyar gilas ranar da muka tatsi mai ta hanyar tururi daga busasshen ganyen tazargaden Turai, wanda masana ke kira Artemisia absinthium. Giram 200 muka zuba, man da ya taru bai kai rabin cokalin shayi ba. Launinsa kore ne mai duhu, yana ɗaukar shuɗi. Shuɗin nan aikin wani sinadari ne, chamazulene, wanda babu shi a ɗanyen ganye, zafin tururi ne ke haifar da shi. Ƙamshin kuwa sai da ya tuna min ɗakin kakata, inda ake kwaɓa tazargade da man shanu a shafa wa yaro mai zazzaɓi.

Mun ɗiga man a ƙananan takardu, muka ɗora kan faifan da muka shuka ƙwayoyin cuta. Washegari na tarar da da'ira fes, inda ƙwayoyin suka kasa girma, kewaye da takardar a faifan Staphylococcus aureus, ƙwayar da ke kawo maruru. A na E. coli, ƙwayar da ke zama a hanji, da'irar 'yar siririya ce, domin ita tana da ƙarin bango a waje da ke tare man. A gwajin DPPH, inda ruwa mai launin shunayya ke komawa rawaya idan abu yana kare jiki daga lalacewar da iskar oksijin ke jawowa, man ya yi ƙoƙari, amma bai kamo ƙafar bitamin C ba.

Da na ba da labari a gida, gwaggona ta ce, "Ke 'yar nan, ɗan tsiyayo min, jikana ba ya jin daɗi."

Gabana ya faɗi. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan ba na sha ba ne."

Babban sinadarin da ke cikin yawancin man nan shi ne thujone. Yana toshe hanyar GABA a ƙwaƙwalwa, wato abin da ke taka wa jijiyoyi birki, sai mutum ya kama jijjiga kamar mai farfaɗiya. A 1997 likitoci a Amurka sun rubuta labarin wani mutum da ya sayi man ta intanet, ya sha kamar mililita 10, ya yi jijjiga, ƙodarsa ta tsaya, sai a asibiti aka ceto shi. Tsoron thujone na cikin dalilan da suka sa Faransa ta haramta giyar absinthe, wadda ake yi da wannan ganyen, a 1915. Kuma yawansa ba ɗaya ba ne: shukar wata ƙasa ta cika da shi, ta wata kusan babu, kwalba kuwa ba ta faɗa maka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar man nan a matsayin maganin maleriya. Artemisinin, sinadarin maganin maleriya da masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta gano a 1972, har ta samu kyautar Nobel a 2015, daga wata shukar ce daban, Artemisia annua, kuma ba ya bin tururi ya shiga mai.

Gwaggo ta yi shiru, ta ce, "To iyayenmu da suka shafa mana fa?" Na ce ganye suka shafa, ɗan kaɗan a cikin man shanu, ba abin da aka tatse daga tulin ganye ba. Da yamma na raka ta asibiti da yaron, aka ɗebi jininsa.