Sitiroberin Jos da Kastad Mai Sanyi

A gidan da na tashi, kastad abin kari ne da safe. Ana dama garinsa da ruwan sanyi, a sheƙa masa tafasasshen ruwa kamar yadda ake yi wa gasarar koko, a zuba madara da sukari, a sha da ƙosai yana tururi, a watan azumi kuma yakan maye gurbin kunun tsamiya a ranakun da aka makara wajen haɗa kayan buɗa-baki. Har na yi aure ban taɓa kawowa a raina cewa akwai mai barin kastad ya huce da gangan ba, balle ya ɗora masa 'ya'yan itace ya kawo wa baƙi bayan an gama cin abinci. Abin da ya sauya mini tunani shi ne wani ɗan kwali da ƙanwar maigidana, wadda ke aure a Bukuru kusa da Jos, ta aiko mana da shi Bauchi a wani watan Janairu, cike da sitiroberin da aka tsinko da asubahin ranar.

Wanda bai san Filato ba yakan ɗauka cewa duk sitiroberin da ya gani a Najeriya daga waje aka shigo da shi, alhali ana noma shi sosai a ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu. Shuka ce mai son sanyi. Irin da duniya ke ci a yau ya samu ne a Faransa a ƙarni na 18, daga barbarar wani iri na Arewacin Amurka da wani na ƙasar Chile wanda wani Bafaranshe mai suna Amédée-François Frézier ya kai can a 1714. Tudun Jos ya kai tsayin mita 1,200 daga gaɓar teku, shi ya sa daren hunturu a can yake ba shukar irin sanyin da take bukata, kakarta kuma takan kama daga wajen Nuwamba zuwa Maris.

Ranar da kwalin ya iso muna da baƙi, ni kuma na so in yi bajinta. Na wanke sitiroberin gaba ɗaya, na yayyanka a babban kwanon tangaran, na dama kastad irin na kullum, na kwara a kai da zafinsa, na rufe na tura firiji. Bayan awa biyu da na buɗe, sai na tarar da wani jan ruwa ya kwanta a ƙasan kwanon, 'ya'yan sun yi laushi sun koɗe, kastad ɗin kuwa ya rabu gida biyu, gudaji a sama, tsararo a ƙasa. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta kai cokali ɗaya baki, ta ajiye, ta ce, "'Yar nan, kunun naki ai ya tsinke." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma ban yi musu ba, domin kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Na daɗe kafin in gane abin da ya faru, kuma a kansa duk wannan girki ya rataya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sitiroberi ruwa ne, fatarsa kuma ba ta da ƙwarin riƙe shi. Zafi yana fasa ta, sukari yana zuƙo ruwan waje kamar yadda gishiri ke yi wa yankakkiyar albasa, ruwan da ya fito kuma yana da ɗan tsami, tsami kuwa idan ya haɗu da madara mai zafi sai ta guntse ta yi gudaji. Saboda haka abubuwa biyun nan ba sa son doguwar zama tare. Kowanne ana shirya shi daban, kastad ya yi sanyi sosai, sannan a haɗa su gab da lokacin da za a ci.

Kafin in shiga bayanin kastad ɗin ƙwai, ya kamata in yi wa na gari adalci, domin da shi muka girma. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai, don haka tun asali babu ƙwai a cikinsa: sitacin masara ne da launin rawaya da ƙamshi. Ba da ruwa aka tsara a yi shi ba, da madara ne a cikin tukunya, kuma duk wadda ta gwada hakan za ta ji bambanci. Cokali biyu zuwa uku manya na garin sun isa rabin litar madara, a dama da 'yar madara mai sanyi, a juye cikin sauran da ta yi zafi, a yi ta juyawa har ya tafasa. Yana yin aiki, musamman idan yara ne da yawa za a ciyar, amma a ganina launinsa mai ƙarfi da ƙamshinsa na kanti suna danne sitiroberi, wanda shi ne ya fi tsada a kwanon.

Kastad na asali, wanda Faransawa ke kira kirim ɗin Ingilishi, kaya huɗu ne kawai: rabin litar madara, gwaiduwar ƙwai biyar, sukari giram 60, wato kimanin cokali biyar, da ɗan banila. Idan madarar shanu ce sabuwar tatsa, sai a fara tafasa ta a tace. Idan ta gari ce, giram 65 a rabin litar ruwa ya yi, amma a duba jikin gwangwanin a tabbatar mai cikakken maiƙonta ce, domin da yawa daga cikin masu araha an cire musu man madarar an maye shi da na tsirrai, kuma harshe yana gane hakan idan abin ya yi sanyi. Ana kaɗa gwaiduwa da sukari har su ɗan yi haske, kuma kada a zuba sukarin a bar shi zaune a kan gwaiduwar ba a kaɗa ba, domin yakan ƙona ta ta yi ɗigo-ɗigo masu tauri waɗanda ba sa narkewa. A ɗora madara har ta fara ƙananan kumfa a gefen tukunya, a sauke, a riƙa tsiyaya ta cikin ƙwan da ludayi kaɗan-kaɗan ana kaɗawa, yadda ƙwan zai saba da zafin a hankali. Daga nan a mayar da duka cikin tukunya mai kaurin gindi, a rage wuta iyakar ragewa, a riƙa juyawa da cokalin katako ana shafo ƙasan tukunyar da kusurwoyinta.

A nan ne ake cin nasara ko a yi asarar ƙwai biyar. Kastad ɗin yana kama jikinsa a wajen digiri 82 na ma'aunin Salshiyos, idan kuma ya wuce 85 sai gwaiduwar ta dahu ta koma kamar wainar ƙwai a cikin madara, tazarar kuwa ba ta wuce ta amsa sallama a ƙofa ba. Ni ba ni da ma'aunin zafi, cokali nake dubawa. Kumfar da ke sama takan ɓace, tururi ya ƙaru, hannu ya fara jin ɗan nauyi wajen juyawa. A lokacin sai in ɗago cokalin in ja yatsa a bayansa, idan layin ya tsaya bai rufe ba, ya yi. Ba na barin sa a tukunyar ko na minti ɗaya, domin zafin ƙarfen yana ci gaba da dafa shi bayan an kashe wuta. Ina tace shi da rariya mai laushi cikin kwanon da na riga na zaunar a ruwan ƙanƙara, in juya har ya huce, in shimfiɗa leda mai tsabta a kan fuskarsa ta taɓa shi don kada ya yi yana, sannan ya shiga firiji na aƙalla awa uku. Wadda ke girki da gawayi ko risho mai wuyar saitawa gara ta ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, ya fi jinkiri amma ya fi aminci. Idan kuma gudaji sun fara fitowa, a sauke nan take a zuba a bilenda na ɗan lokaci, sau da yawa yakan dawo.

Wannan kastad mai ruwa-ruwa ne, na kwararawa. Idan ana son wanda zai tsaya da kansa ya ɗauki nauyin 'ya'yan itace, sai a ƙara giram 40 na sitacin masara, wanda ake sayarwa da sunan konfulawa, a cikin gwaiduwa huɗu da sukari giram 90, a ƙarshe a jefa bota giram 30. Abin mamaki shi ne dokar ta juye: wannan dole ne ya tafasa na minti ɗaya zuwa biyu ana kaɗawa da ƙarfi. Sitacin yana kare ƙwan daga yin gudaji, tafasar kuma tana kashe wani sinadari da ke cikin gwaiduwa mai narkar da sitaci, wanda idan aka bar shi da rai za a kwanta da kastad mai kauri a wayi gari da ruwa. Irin wannan sinadari yana cikin yawun ɗan Adam, kuma da na san haka sai na tuna yadda iyayenmu ke hana mayar da ludayin da aka kai baki cikin ƙwaryar kunu, suna cewa zai tsinke. Gaskiyarsu ce, kuma dokar ta hau kan kastad.

Shi kuwa sitiroberi, aikin yana farawa tun wurin saye. Ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, ba kamar ayaba ko mangwaro ba, saboda haka wanda ke da fari a kafaɗa haka zai zauna da tsaminsa. Nakan zaɓi ƙanana masu ja har wuya, in shinshina, in kuma ɗaga robar in leƙa ƙasanta, domin a can waɗanda suka farfashe suke ɓuya. Ba a wanke shi sai an tashi amfani da shi, kuma a wanke da ganyen kansa a jiki, domin idan aka cire ganyen tukuna ruwa yana shiga ta ramin ya salamce shi. A shanya a kan tsumma mai tsabta ya bushe sarai kafin wuƙa ta taɓa shi.

Nakan raba shi kashi biyu. Masu kyan gani ina barin su yadda suke, ko in tsaga su biyu a minti na ƙarshe. Waɗanda suka ɗan yi laushi kuma ina yanka su ƙanana, in barbaɗa cokali ɗaya na sukari a kan giram 250, in ɗiga ruwan lemon tsami kaɗan, in bar su minti ashirin. Ruwan da ya ɓata mini kwano a karon farko shi ne yanzu nake fitarwa da gangan, a waje, inda zan iya sarrafa shi, kuma ya fi duk wani jan ruwan kwalba daɗi.

Haɗin da na fi yi shi ne mafi sauƙi: ƙananan kofunan gilashi, kastad mai sanyi har rabi, cokali biyu na jiƙaƙƙen sitiroberi da ruwansa, ɗanye a sama, sai dakakken biskit ko soyayyar gyaɗa don haƙori ya sami abin taunawa. Sukarin kastad ɗin nakan rage shi da gangan, domin sitiroberin Jos yana da ɗan tsami mai daɗi, kuma wannan tsamin ne ke sa mutum ya kai cokali na goma bai gundura ba. Idan taro ne, ina yin abin da Ingilishi ke kira tiraifil, wato jeri a babban kwanon gilashi: yankakken kek a ƙasa, 'ya'yan itace, kastad mai kauri, kirim da aka kaɗa a sama. Su a al'adarsu da giya suke jiƙa kek ɗin, ni kuwa da ruwan sitiroberin nan da na lemon zaƙi nake jiƙawa, kuma shi kaɗai ne haɗin da ke jure 'yan awoyi a firiji, domin kek ɗin yana shanye duk ruwan da ya zubo. Kek ɗin jiya ya fi sabo dacewa. Akwai kuma gasasshen nau'i da ake zuba ƙullun kastad a kan 'ya'yan itace a tura oben, wanda mutanen yankin Limousin na Faransa ke yi da ceri. Na gwada shi da sitiroberi sau biyu ban ji daɗinsa ba, ya yi ruwa da yawa, buluberin da ake samu a manyan kantunan Abuja ya fi dacewa da shi ga wadda aljihunta zai ɗauka.

Batun ajiya ba abin wasa ba ne a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Madara da ƙwai da aka dafa ba sa wuce awa biyu a waje, a zafin Maris kuwa ko awa ɗaya ya yi yawa, a firijin da bai daina aiki ba kuma kwana biyu zuwa uku ne iyakarsu. Shi ya sa nake dafa kastad da safe don a ci da dare, ba na yin na gobe, kuma ina ajiye ƙanƙara a kula saboda tsaro. Farin ƙwan da ya rage yana shiga wainar ƙwan karin kumallo.

Idan kakar ta zo ƙarshe, ragowar sitiroberin da ya yi laushi ina dafa shi da ɗan sukari na minti biyar in daskarar a ƙananan robobi, yana yin miyar kwararawa a kan kastad har cikin damina. Daga Afrilu kuma mangwaro ke karɓar wurinsa a kofunan, ayaba ma tana yi idan an yanka ta a lokacin ci. Ɗanyen abarba da gwanda ne kawai ba na haɗawa da shi, domin suna da sinadarin da ke narkar da furotin na madara, idan suka ɗan zauna tare sai kastad ɗin ya saki ya yi ɗaci. Wadda ta nace sai abarba, ta fara dafa ta na 'yan mintuna ta bar ta ta huce.